Asurans ɗin rai ba adashe ba ne: kafin mu sa hannu, mu tambayi kuɗin fita



Makon jiya muna tsakiyar shirinmu na dare na kiran waya, ana maganar tsadar hatsi, sai wani mushe da ke koyarwa a wani ƙauye can wajen Kornaka ya bugo. Shi abin da ke cin ransa daban ne. Ya ce: "Malam, wata 30 ke nan ana cire mini jikka 10 cikin albashi, sun ce ajiya ce ta karatun ɗiya. Bana tsohuwata ta kwanta, anka ce sai an kai ta likita Maraɗi. Na tafi in ɗauko kuɗina, ni jikka 300 nike lissafi, sai anka ce abin da zan samu bai kai 230 ba. To sauran wa ya cinye?"

Nan take aka manta da maganar hatsi. Wannan ya bugo ya ce sata ce tsirararta. Wancan ya ce ai dama abin haramun ne, shi ya jawo wa kansa. Wata baiwar Allah ta ce mijinta ma ya zuba na wata 8 ya gaji ya bari, har yau ko dala bai gani ba. Lokacin shiri ya ƙare ba wanda ya ba mushe amsa, har da mu.

Washegari muka roƙe shi ya turo mana hoton takardar ta WhatsApp. Ga sa hannunsa nan a ƙasa. Can ciki kuma ga wani ɗan jadawali da ƙananan baƙaƙe, an rubuta masa valeurs de rachat a kai, shekara ta 1 kaza, ta 2 kaza, ta 3 kaza. Abin da aka faɗa masa ya yi daidai da abin da ke rubuce. Wato a gaban doka ba a cuce shi ba. Amma ranar da aka sayar masa da takardar ba wanda ya ɗora yatsa a kan jadawalin nan ya ce masa duba. Mu kanmu da muka yi lakkol da Faransanci har lise, sai da muka maimaita shafin sau uku kafin ya shiga kanmu.

Shi ya sa muka ce bari mu kawo maganar nan, inda mutum zai karanta a tsanake ya kuma tura wa ɗan uwansa.

Mu mutanen Dakoro mun san ajiya iri biyu tun muna yara. Akwai adashe: ka zuba jikka 10 sau 10, ranar kwasarka ka ɗauki jikka 100, in ban da ɗan abin uwar adashe. Matanmu ma sun ƙware da asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a nan jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu ƙasashe da dama. Akwai kuma dabba: ka sayi tunkiya ko karsana ka ba makiyayi, ranar da lalura ta taso ka kai kasuwa. To in wakilin kamfani ya zo ya ce mana "ajiya ce", hankalinmu adashe yake tafiya. Alhali asurans ɗin rai, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira inshora, ya fi kama da dabba. Yana da farashin ranar da aka ƙaddara masa, yana kuma da farashin ranar da ka matsu.

Duk wanda ya ga shekarar 2010 a arewacin Dakoro, wajen Gadabeji da Bermo, ya san bambancin farashin nan biyu. Saniyar da ke da daraja da kaka, da ciyawa ta ƙare aka riƙa sayar da ita kuɗin da bai isa buhun hatsi ba, wasu ma ba su kai kasuwa ba. Saniya ɗaya ce, ranar sayarwa ce ta bambanta. Valeur de rachat shi ne farashin takardarka a ranar da ka ce ka fasa, a ba ka abinka kafin wa'adi. Mu kira shi kuɗin fita.

To me ya sa kuɗin fita ke gaza abin da mutum ya zuba, musamman a shekarun farko?

Jikka 10 ɗin nan da ake cirewa duk wata ba wuri guda take tafiya ba. Ana kasa ta. Kashi na farko kuɗin aiki ne: la'adar wanda ya kawo ka, albashin ma'aikata, takardu da biro. Kamar dillali ne a kasuwar dabbobi, sai dai shi wannan a takardu da yawa la'adarsa a shekarun farko ta fi nauyi. Kashi na biyu kuɗin laima ne. Da mushen nan ya rasu a wata na biyar, Allah ya kiyaye, da kamfani ya cika wa yaransa alkawarin da ke cikin takardar ko da bai zuba komai ba sai jikka 50. Wannan laimar da ya kwana ƙarƙashinta wata 30 ita ya biya, kuma kuɗinta ba ya dawowa, kamar yadda asurans ɗin mota ba ya dawowa don shekara ta ƙare ba ka yi hatsari ba. Abin da ya rage shi ake tara maka, shi ne suke kira provision mathématique. Mu ce rumbunka ne da ke hannun kamfani. Daga rumbun nan ake ɗebo kuɗin fita, bayan an cire tara in akwai.

Shi wannan rumbu a hankali yake cika. A dokar da ke aiki a ƙasashenmu, ribar da kamfani zai yi maka alkawarinta a takarda ta dogon lokaci ba ta wuce kashi 3,5 cikin 100 a shekara. In rumbunka na da jikka 500, ka ga jikka 17 da rabi ke nan a shekara. Akwai ƙarin rabon riba da doka ta ɗora wa kamfanoni in sun samu, amma wannan ba tabbas ba ne, yana bin yadda shekara ta kasance. Shi ya sa ake ɗaukar shekaru kafin rumbu ya kamo abin da aka zuba, balle ya wuce shi. Babban adadin nan da wakili ke zana maka a takarda, miliyan kaza bayan shekara 15, na wanda ya jure har ƙarshe ne. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Yanzu ga abin da yawancinmu ba mu sani ba: wannan harka tana da doka, kuma dokar ta ba mu haƙƙoƙi masu kauri. Nijar na cikin ƙasashe 14 na ƙungiyar CIMA, wadda aka rattaba wa hannu ranar 10 ga Yuli 1992 a Yawunde ta Kamaru, cibiyarta kuma na Libreville ta Gabon. Kundin dokokinta ya fara aiki a watan Fabrairu 1995. Duk kamfanin da ke sayar da asurans ɗin rai a ƙasar nan, ko ta bironsa ko ta hanyar banki, wannan kundi ne ke kansa. Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe a ciki.

Na farko, kwana 30. Aya ta 65 ta ce daga ranar da ka yi zubin farko kana da kwana 30 ka fasa, ka rubuta wasiƙa da shaidar an karɓa, a maido maka kuɗinka ban da ɗan kuɗin takarda. Wato ko ka sa hannu cikin kunya don wakilin abokin wanka ne, ƙofa a buɗe take wata guda. Ayar nan dai ta tilasta a rubuta maka kuɗin fita na aƙalla shekaru 8 na farko. Jadawalin da muka gani a takardar mushe ke nan.

Na biyu, yaushe kuɗin fita ke zama haƙƙinka. Aya ta 74 ta ce in ka biya kashi 15 cikin 100 na dukkan zubin da aka ƙulla, ko ka biya na shekara 2 cikakku, kamfani ba shi da ikon hana ka. Mu buga misali. Jikka 10 a wata har shekara 10 ya kama miliyan 1 da jikka 200. Kashi 15 nasa jikka 180 ne, zubin wata 18 ke nan. Mai wata 18 ya tsallake. Amma mijin baiwar Allahn nan da ya tsaya a wata 8, jikka 80 kawai ya zuba, yana iya tashi hannu rabbana. Wannan shi ne ramin da ya fi cinye mutane, kuma shi ne wanda ba a faɗa mana.

Na uku, tara tana da iyaka. Aya ta 76 ta ce tarar fita ba za ta wuce kashi 5 cikin 100 na rumbunka ba, kuma bayan shekara 10 babu tara sam. Mai jikka 500 a rumbu, tararsa ba ta wuce jikka 25.

Na huɗu, in ka nemi kuɗin fita a rubuce, bai kamata jira ya wuce wata 2 ba. In ya wuce, kamfani ne zai biya ka ƙarin jinkiri. Don haka a daina zuwa da baki kawai. A rubuta, a sa kwanan wata, a buga maka tambari a kan kwafinka.

Na biyar, kowace shekara wajibi ne kamfani ya sanar da kai nawa kuɗin fitarka ya kai. Aya ta 75 ke nan. Mu tambayi kanmu, cikin malamai da ma'aikatan likita da ake cire wa kuɗi a wannan gunduma, mutum nawa ne takardar nan ta taɓa isowa hannunsa? In ba ta zo ba, a je a nema. Ba alfarma ba ce.

Na shida, ba a kai mutum ƙara don ya daina zubin asurans ɗin rai. Aya ta 73 ta hana. In zubi ya makara kwana 10, kamfani zai aiko wasiƙa ya ba da kwana 40. Bayan nan, in rumbu ya yi ƙwari, sai a rage takardar, abin da suke kira réduction: ka daina zubi, alkawarin da ke kansu ya ragu daidai da abin da ka tara, takarda ta ci gaba da rai har wa'adinta. In kuwa rumbu bai kai ba, sai a soke ta.

Akwai kuma wata ƙofa da mushenmu bai san da ita ba, wato avans. Kamfani na iya ranta maka wani abu daga cikin kuɗin fitarka, takardarka na nan ba ta mutu ba, ka biya daga baya. Manomanmu sun san irin wannan a tsarin warantaj: ka ajiye buhunan wake a magaza da kaka, a ba ka rance, in farashi ya tashi ka sayar ka biya, maimakon ka karyar da su da arha ranar girbi. Sai dai a lura, avans bashi ne mai ruwa a kansa, kuma ba dole ne kamfani ya bayar ba. In ba a biya ba, daga kuɗin ƙarshe za a cire. Duk da haka, da mushe ya san da shi, da ya auna tsakanin biyun kafin ya yanke.

Wani abu kuma da ke haddasa rigima: ba kowace takarda ce ke da kuɗin fita ba. Asurans ɗin mutuwa zalla na ƙayyadadden lokaci, temporaire décès, ba shi da rumbu, aya ta 77 ta faɗa ƙarara. Irinsa ne banki ke haɗa wa ma'aikaci in ya ci bashi, don in ya rasu kada bashin ya hau kan iyali. Mun sha jin wanda ya gama biyan bashi ya koma yana neman "kuɗin asurans ɗinsa". Babu su. Laima ya haya, kuma ruwan bai sauka ba, sai godiya ga Allah. Masu kuɗin fita su ne takardun da ke da ajiya a ciki, irin na ritaya, na karatun yara, da masu haɗa ajiya da mutuwa.

To ina muka tsaya?

Ba mu ce asurans ɗin rai abin banza ne ba. Duk mun ga gidan da maigida ya faɗi, aka share makoki, bayan wata uku yara suka bar lakkol. Ɗan kwantaragi da ɗan kasuwa da mai kabu-kabu ba su da wani fansho mai ƙarfi da ke jiransu. Kuma mun san halinmu: kuɗin da ke kusa da hannu ba ya kwana, ga biki, ga suna, ga ɗan uwa da ya zo da kuka. Ajiyar da ke da wuyar taɓawa tana da amfaninta, wannan gaskiya ne, kuma masu kamfanoni suna da hujja in sun faɗe ta.

Amma mu dubi rayuwar mai albashi a Dakoro. Kowace shekara in bazara ta yi nisa, rumbunan ƙauye sun yi ƙasa, shi ake kallo. Albashin ɗan kwantaragi kan makara. Ciwo mai nauyi sai an yi tafiyar sama da kilomita 100 zuwa Maraɗi. Mutumin da ke cikin wannan hali, in ka ɗaura masa zubin shekara 15 da ya fi ƙarfinsa, ka san da wuya ya kai. Kuma duk wanda ya fita da wuri shi ke asara. Wanda ya kawo shi ya riga ya karɓi la'adarsa. Nan ne muke ganin laifi, ko da doka ba ta kira shi laifi ba. Wakilin da zai zauna da kai awa guda cikin Hausa garau yana zana maka miliyoyin ƙarshe, amma in an zo kan kuɗin fita sai ya bar ka da Faransancin lauyoyi, bai yi maka adalci ba.

Mu ma da namu. Mushe ne fa, mai koya wa yara karatu, ya sa hannu a kan shafukan da bai karanta ba. Kuma ba shi kaɗai ba, mu duka haka muke. Muna jin kunyar tambaya kada a ce ba mu waye ba. Mutumin da zai buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya taɓa ƙirji, ya zagaya kasuwa sau biyu kafin ya biya jikka 60, shi ne zai ɗaura wa kansa alkawarin sama da miliyan cikin minti 10 don an ba shi kujera da ruwan sanyi. Matambayi ba ya ɓata.

Masu cewa abin bai halatta ba, ba mu raina maganarsu ba. Malamai da yawa suna da ja a kan ruwan da ke ciki da kuma rashin tabbas, kuma mu ba masu fatawa ba ne. Kowa ya tambayi malaminsa, amma ya tafi da takardar a hannu a fassara wa malam abin da ke ciki, kada a yi hukunci a kan jita-jita. A sani kuma, tun 2019 CIMA ta fitar da dokar takaful, wato asurans bisa tsarin taimakon juna na Musulunci. Ko a can ɗin ma tambayar ba ta canzawa: in na fasa a shekara ta 3, nawa zan samu?

Ga kiranmu. Kamfanoni da bankunan da ke sayar da waɗannan takardu a jihar Maraɗi su riƙa ba mutum shafi guda cikin Hausa, kuma a karanta masa da baki: ga abin da za ka zuba, ga kuɗin fitarka shekara bayan shekara, ga watan da in ka tsaya kafin shi ba ka da komai. Hukumar da ke sa ido kan asurans a ma'aikatar kuɗi can Yamai ta mai da wannan dole. Ƙungiyoyin malamai da na ma'aikatan lafiya, da sau da yawa ta hanyarsu ake shigowa, su daina buɗe wa wakili zauren taro sai ya yarda zai fara da jadawalin fita. Mu kuma gidajen rediyo, in za mu karɓi kuɗin talla, mu ware lokacin da masu sauraro za su yi wa mai tallar tambaya kai tsaye. Mun yarda a nan mun yi sakaci.

Kai kuma ɗan uwa da ake zawarcinka yanzu, kada ka sa hannu ranar farko. Tafi da takardar gida ta kwana. Nemi jadawalin shekaru 8, ka lissafa abin da za ka zuba kowace shekara ka jera su gefe da gefe. Tambayi nawa ne ke shiga rumbu cikin kowace jikka 10. Zaɓi zubin da za ka iya ko a watan da albashi bai zo ba, jikka 5 da za ta kai ƙarshe ta fi jikka 15 da za ta tsaya a hanya. Kuma kuɗin ciwo da na hatsin bazara ka ajiye su inda hannu ke kaiwa, ko a asusu ko a ɗan garke. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda kuma ya riga ya shiga, kada fushi ya sa ya watsar. Ya ƙirga watanninsa tukuna. In saura kaɗan ya cika sharaɗin samun kuɗin fita, ya daure ya cika. In ya wuce nan, ya nemi a rubuta masa lissafi uku: fita, ragewa, da avans, sannan ya zaɓa. Wanda ya daina zubi shekaru da suka wuce ma ya tono takardarsa daga ƙasan akwati ya je ya tambaya, mai yiwuwa an rage ta ne kawai, kuɗinsa na nan. Kuma don Allah a faɗa wa uwargida ko babban ɗa inda takardar take da sunan wanda aka rubuta a ciki. Kamfani na Yamai ba ya jin sanarwar rasuwa da muke karantawa a Dakoro.

Mushenmu dai ya karɓi abin da aka ba shi, ya kai tsohuwarsa, kuma ya ce ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Da muka sake magana ya ce abin da ya fi yi masa zafi ba jikka 70 ɗin ba ne, a'a, yadda ya gano amsar tana cikin jakarsa wata 30 bai buɗe ba. Ya ce mu faɗa wa abokan aikinsa. To ga shi mun faɗa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka cikin ɗan abin da muke samu, ya kuma ba mu damina mai kyau.